Asabar a dajin Amurum

Mun bar Unguwar Rogo bayan sallar asuba, ni da ƙanina, sanyin Nuwamba yana ratsa riga biyu. A tsaye muka sha shayi da masa, muka kama hanyar Lamingo. Tafiyar ba nisa, kamar kilomita 15 ce daga cikin gari zuwa Laminga, ƙauyen ƙabilar Afizere da ke bakin dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. Wani matashi ɗan ƙauyen ne ya yi mana jagora.

Tsuntsuwa ɗaya ce ta fito da ni. 'Yar uwar baiwar Allah ce, wadda ke tsintar tsaba a tsakar gidajenmu, amma ita wannan a gindin duwatsu take rayuwa. Sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ce ta daban, kuma a nan Filato aka gano ta. An haife ni a Jos, na girma a Jos, ban taɓa sa ta a ido ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Hawan ya yi wuya. Ciyawa ta bushe ta kai ƙugu, raɓa ta jiƙa mana wando, dutsen kuma santsi. Da rana ta ɗan ɗago muka ci karo da rema guda huɗu sun baje a kan falalen dutse suna shan hantsi. Na durƙusa a hankali na ɗauke su hoto. Babbar ta kafe ni da ido, hancinta yana motsi, sai ta yi wata ƙara siririya, kafin in ƙifta duk sun shige tsaguwar dutse. Birai ma mun gani, amma daga nesa, suna ketare kurmin da ke bin rafi.

Wajen ƙarfe tara jagoranmu ya ɗaga hannu.

"Malam, tsaya. Ka ji wannan kukan?"

Na ji. Na ɗaga kyamara jikina yana rawa, sai ya nuna mini ƙololuwar wata busasshiyar bishiya. Wani ɗan tsuntsu ne baƙi wul, yana sheƙin kore idan rana ta doke shi, bakinsa fari. Ya ce ai ba ita ba ce, mai kwaikwayonta ne. Macen wannan baƙin ba ta yin sheƙa; a sheƙar baiwar Allah ta dutse take zuba ƙwanta ta yi gaba. Ɗan da aka ƙyanƙyashe, har zanen cikin bakinsa irin na 'ya'yan gidan ne, don haka ake ciyar da shi ba bambanci. Ya tashi da kukan masu riƙonsa, da shi kuma zai nemi mace idan ya girma. Na daɗe ina kallonsa ina tasbihi. Jagoran ya ce inda ka ji shi, masu gidan ba su yi nisa ba.

Muka zauna a inuwar dutse. Minti arba'in ba mai tari. Ƙanina ya raɗa mini, "Yaya, ƙafata ta yi tsami," na ce ya daure.

Sai ga su biyu sun sauko kan ƙasa, tsakaninmu bai fi taku shida ba. Namijin ja ne har gadon baya, kansa toka-toka, bakinsa shuɗi-shuɗi, duka-duka bai fi tsawon ɗan yatsana ba. Yana tsintar irin ciyawa yana ɗago kai. Na riƙe numfashi na danna sau uku. Ƙarar kyamarar ta tashe su.

Da azahar muka sauko, muka yi salla a Laminga, muka sayi dankalin Turawa a bakin hanya don Inna. Da daddare na zuba hotunan a kwamfuta. Biyu sun yi dishi-dishi. Na ukun ya fito tas, har ƙwayar ciyawar da ke bakinsa ana gani. Ranar Litinin zan kai a wanke mini shi.