Katakon daɓe ba a sayensa cif-cif

Ranar Asabar na raka ɗan ƙanwata kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano. Ya samu aikin daɓen katako a falon wani gida, karon farko da zai yi aiki ba a ƙarƙashin kowa ba. Ina tsaye ya zaro waya ya daddanna: tsawo mita 6, faɗi mita 4 da rabi, murabba'in mita 27. Ya ɗago kai ya ce a ba shi na 27. Na ce, "Kai, ina na yanka?" Ya ce, "Kawu, ai sau biyu na auna." Sai da gabana ya faɗi, don maganar da na yi ke nan shekara 20 da suka wuce, a wani gida a Kaduna.

Mai gidan ya daɗe a Ingila, ya dawo yana son daɓen madaci a ɗaki biyu da baranda. Na auna, na lissafa, na sayo katako mai faɗin santimita 10 daidai adadin da takarda ta ce. Abin da ban kawo a raina ba shi ne, sai an kai shi inji an goge, an fitar masa da harshe a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma kwarmin da harshen zai shiga. Da ya dawo, fuskar da za a taka ta koma santimita 9. Kashi ɗaya cikin goma ya tafi ban buga ƙusa ko ɗaya ba. Sannan ga masu ido, ga waɗanda bakinsu ya tsage, ga waɗanda suka murɗe. Bangon ma da na ɗauka a miƙe yake, ashe magini ya karkata shi, sai da na tsaga layin ƙarshe kamar wuƙa. Saura kamar ƙafa 3 in kai ƙofar ɗaki na biyu, katako ya ƙare.

Ina yawan gaya wa kaina ba laifina ba ne kaɗai. Maigidana rufi da ƙofofi ya koya mini, a wancan zamanin siminti da tarazo kowa yake yi, wa zan tambaya? Mai gidan kuma ƙirga katako yake yi ɗaya-ɗaya, in na ce a ƙara sai ya dube ni kamar zan kai gidana. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wadda na fi jin nauyin faɗa: mu uku muka kai farashi, na matse lissafin don nawa ya fi araha. Na san da wuya ya isa. Na ce Allah zai rufa asiri.

Na koma kasuwa ana tsakiyar damina, na sayo cikon. Itacen daban ne, launinsa ya fi haske, kuma bai bushe ba. Da na jingine shi a ɗakin ko na mako biyu, da ya rage, amma mai gida na son tarewa. Na buga. Hunturu na shigowa ya tsuke, don katako ta faɗi yake tsukewa ba ta tsawo ba, sai ga tsagi tsakanin layuka har tsinke na shiga, a daidai bakin ƙofa inda kowane baƙo zai fara taka ƙafa. Sikatin, wato siririn katakon da ake bugawa a gindin bango, shi ma haka. Na haɗa tsawon bangaye na sayo, na manta kowace kusurwa sai an yanka ta a karkace, barandar kuwa ginshiƙi huɗu gare ta. Na yi ta haɗa guntaye a tsakiyar bango. Babur ɗina na sayar na cire wancan ɓangaren na sake. Mutumin bai zage ni ba, bai kuma sake kirana ba, kuma har yau in na bi layin sai na kau da kai.

A hanya na shirya wa yaron nan magana fiye da goma, da na buɗe baki kaɗan ce ta fito. Ka yi lissafi da fuskar katako bayan an goge, ba yadda ya fito daga zarto ba. Shimfiɗa miƙaƙƙiya ka ƙara kashi 10 cikin 100, wato 27 ɗinka 30 ne. In a karkace ne ko salon ƙayar kifi, kashi 15 zuwa 20. In wanda ake sayarwa a kwali ne, lissafi ya ba ka kwali 13 da ɗigo, 14 za ka saya. Sikatin kuwa kada ka tsaya ga jimilla, bi bango ɗaya-ɗaya ka ga sanda nawa mai ƙafa 12 zai ci. Kewayen falonka mita 21, ka cire ƙofofi, takarda za ta ce shida, ka ɗauki bakwai. Shi zai rufe ratar santimita 1 da za ka bari a jikin bango don katako ya samu wurin motsi.

Ina magana yana duba waya. Abin da ke ƙona mini rai da yaran yanzu ke nan, an ga bidiyon minti biyar an zama injiniya, babu mai son ya durƙusa da tef ya auna ɗaki a wuri uku ya ga ko bango ya karkace.

Kada kuma ka ji na ce ƙara, ka je ka jibgo wa bawan Allah katakon da zai ruɓe a sito. Kuɗinsa amana ne, wanda ya iya aiki guntun da ya yanke a ƙarshen layi da shi yake fara layi na gaba. To amma ka bar masa ɗauri guda a gidan, na itace ɗaya, saboda ranar da famfo zai fashe. Na san maganar biyu ta yi karo. Ka riƙe su haka.

Ya ƙara na mita 2, ya ce sauran sai ya ji daga mai gida. Na bari ya tafi neman mai kura, na koma shagon na biya na ukun daga aljihuna, na ce a ɗora masa a ƙasan kaya.