Lahadi: duwatsun Birni da kukokin Mirya

Yau dai na cika alƙawarin da na yi ma kaina tun shigowar hunturu. Ana sallame asuba na ari moton yayana, na rataya kyamara, ko shayi ban tsaya sha ba, sai Birni, tsohuwar unguwar Damagaram (Zinder). Sanyi kam ba a magana, yatsuna har sun ƙi lanƙwasuwa.

Wallahi shekara nawa ina wuce duwatsun nan in za ni kasuwar Dole, rabona da in hau ɗaya tun muna yara. Yau na hau, da ja da gindi da komi, na samu wuri na zauna. Hazo ya rufe gari, rana ta fito fara fat kamar faifai, kana kallonta ido da ido ba ta ce maka uffan. Wannan ɗan lokacin ne nike so, kamar rabin awa bayan fitowarta, haske na zuwa a kwance, kowace tsaga ta dutse ta fito da inuwarta, in ta yi sama kuwa shikenan komi ya baje hoto ya zama lami. Daga can ina hango fadar Sarkin Damagaram da hasumiyar masallaci da hayaƙin masu ƙosai yana tashi tsakanin soraye. Wajen barikin da Faransawa suka kafa bayan sun ci garin a 1899 kuwa ko juya kyamara ban yi ba, ba ni neman magana da soja da sassafe. Ina zaune ina cewa wai nan ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a maida Yamai, ga shi yau awaki ne ke mulkin saman dutse, wata har ta zo tana shinshina jakata.

Daga nan na zuba mai na kwalba ɗaya na miƙe garin Mirya, kilomita 18 ne daga Damagaram. Yau kasuwarsu, hanya cike da amalanke, ban shiga ba, na ratse wajen garake.

Kukokin nan fa! Ba ganye ko ɗaya, sai ƴaƴa na reto, jikinsu toka-toka yana sheƙi inda aka taɓa ɓare ɓawo don igiya. Na kwanta ƙasa ina neman yadda zan haɗa guda da sararin sama, na danna uku, na huɗu batir ta mutu. Jiya an ɗauke wuta ban yi caji ba, kuma ɗayar na baro ta kan katifa, ni da kaina na ja ma kaina.

Wani tsoho na ban ruwa ma albasa, ashe tun ɗazu yana kallona.

"Ɗana, lafiya kake birgima cikin ƙasa?"

Na ce Baba hoton kuka nike ɗauka. Ya yi dariya ya ce to ka ɗauko ta? Na ce inji ya mutu. Ya ce zo ka zauna ka huta, ita ba inda za ta, tun kakana tana nan.

Na zauna bakin rijiya kusan awa guda, ba abin dannawa. A nan na lura da ƙudan zuma na shiga wani kogo can sama, da yadda ruwa ke bin ƴar hanyarsa yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta yi baƙi ƙamshinta ya taso, Baba na toshe nan da ƙafa ya buɗe can ko dubawa bai yi. Duk ina kwance gabansu ɗazu ban gani ba. Ya fasa mini ɗan kuka guda, tsaminsa har cikin kunne.

Bayan isha aka kawo wuta na duba hotunan, 43 ne, rabi duk da ɗigon ƙura a gefe guda. Wanda ya fi mini shi ne na akuyar nan, kuma ban ma san sadda na danna shi ba. Gobe sai na wanke ma yaya motonshi kafin ya gani.