Na gina daula daga Daura, ƴaƴana suka raba ta

A Crusader Kings III, wasan kwamfuta na mulki da gadon sarauta da kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2020, ana iya farawa a shekarar 867 da Daurama ta Daura. Da ita na fara, ina zaune nan Tahoua, da dare bayan zafi ya lafa. Na yi ta cin garuruwa gabas da yamma, har jikanta ya zama sarkin da babu mai ja da shi.

Ran da ya rasu, ƙasar ta tsage gida uku. Dokar gadon da ake farawa da ita tana raba ƙasa tsakanin magada, in kuma ta yi faɗin da za a iya fidda wata sarauta a cikinta, wasan da kansa yake ƙirƙiro ta ya miƙa wa ƙane. Shi ke nan ƙane ya zama maƙwabci mai tutarsa da mayaƙansa.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi koya mini hankali shi ne hakimai. Wanda aka hana kujera a majalisa, da wanda yarensa ko addininsa ya bambanta da na sarki, su ne ke fara haɗa kai. Suna auna ƙarfinsu da naka, in sun ga ya kusa, sai takarda ta iso: ko ka sake mu, ko a gwabza. Ba sa tashi lokacin da kake da ƙarfi, sai ka dawo daga yaƙi mayaƙa sun ragu, baitulmali ya bushe. Daga nan na koyi ba manya muƙami, in ƙulla aure da gidajensu, don surukin da ya zama abokin ƙawance ba ya shiga tawaye. Na kuma rage cin ƙasar da ba ni da amintaccen da zai riƙe ta.

Kawuna, wanda ya daɗe yana fatauci a Maradi, ya leƙa allon wata rana na yi masa bayani. Ya ce, "Ɗana, to ai Kanta ke nan." Gaskiyarsa. Kanta ya bi Askiya Muhammad, sarkin Songhai, yaƙin Agadez, aka saɓa kan ganima, ya ɓalle ya tsai da Kabi, Songhai kuma ta kasa mai da shi. Ita ma Songhai da sojojin Maroko suka karya ta a Tondibi a 1591 ba ta ɓace ba, Askiyawa sun ci gaba da mulki a Dendi.

Shi ya sa nake ganin wasan da daula ke ta kumbura ba ta fashewa bai san tarihi ba. A zagaye na gaba, da ƙasa ta sake rabewa, sai na bar babban wa da gadonsa, na koma ina wasa da ƙaramar ƙasar ƙanen, mai garuruwa kaɗan da maƙwabta masu haɗama ta kowane gefe.