Ba Kowane Jini Ba Ne Basir

A Kano ba a taɓa tambayata launin fatata a takardar asibiti ba. A unguwar Bronx ta birnin New York kuwa gurbin yana nan, kuma da ni Bahaushe da jikokin bayin da aka kawo tun tuni, layi ɗaya ake jera mu: baƙar fata. Da farko dariya abin yake ba ni, sai da likita ta taso mini da batun gwajin hanji.

A Amurka baƙar fata sun fi sauran jama'a kamuwa da kansar babban hanji da kusan kashi 20 cikin ɗari, wajen mutuwa kuwa ratar ta kai kusan kashi 40. Wannan cuta ce ta ɗauke jarumin fim Chadwick Boseman a 2020 yana da shekara 43. A 2021 aka sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45.

Wasu na cewa a jini abin yake. Ni dai ban gamsu ba. Jihar Delaware ta ɗauki nauyin gwaji da magani ga marasa inshora, zuwa 2009 mace-macen baƙar fata daga wannan cuta ya ragu da kashi 42. Jinin nasu ne ya sauya? Da wuri aka riƙa gano ta.

Mu baƙi kuma muna da namu. Direban tasi in bai fita ba, babu ko sisi. Gwajin leƙa hanji da na'ura kuwa wuni biyu yake ci: ranar farko kana shan maganin wankin ciki kana zarya banɗaki, washegari a sa ka barci, kuma dole wani ya zo ya raka ka gida. Ga kunya. Wani dattijo a masallacinmu ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, ya ce basir ne, har aka aiko masa da jiƙo daga gida cikin jakar wani matafiyi. Na ce, "Baba, ko za a je a duba?" Ya ce, "Ɗana, ni za a sa wa wannan abin?" Ko da ya je, ashe kansar hanji ce, ta riga ta kai hanta.

Hantar ma wata magana ce. Da yawanmu daga Afirka ta Yamma muna ɗauke da ciwon hanta nau'in B tun yarinta ba mu sani ba, shi ne kuma kan rikiɗe ya zama kansar hanta. Gwajin wannan ɗibar jini kawai ake yi, don haka yanzu duk sabon zuwa, kafin in nuna masa hanyar jirgin ƙasa sai na tura shi ya yi.