Zanen ganyen kaka a Ottawa

A watan Oktoba na shekarar da na fara zama a Ottawa, babban birnin Kanada, na ɗauki fensir da littafin zane na nufi gandun dajin Gatineau da ke hayin kogi, domin in zana ganyayen da ke zuba a lokacin kaka. Na tsinci ganyen itacen mapul guda, ja wur, na aza shi a gwiwata na zana shi nan take. Da na jera zanen da ganyen sai na ga ba su yi kama ba, domin abin da hannuna ya fitar shi ne ganyen da ke jikin tutar ƙasar tun 1965, mai tsini 11, wanda aka daidaita ɓarinsa na hagu da na dama.

Sai na ajiye fensir na ƙura wa ganyen ido. Manyan jijiyoyi biyar ne suka taso daga wuri guda, daidai inda tsinke ya haɗu da ganye, suka bazu kamar yatsun hannu, irin tsarin ganyen auduga da na kuɓewa da na taso ina gani a gonarmu ban taɓa lura da shi ba. Ɓarin hagu ya ɗan fi na dama faɗi, kuma tsutsa ta huda shi kusa da baki. Tun daga ranar nake fara shimfiɗa jijiyoyin da layi marar kauri, sannan in bi gefen ganyen a hankali, idona na kan ganyen fiye da takarda. Ganyen itacen ok ya fi sauƙi, tunda jijiya ɗaya ce ta ratsa tsakiyarsa, ƙananan suka fito daga jikinta dama da hagu.

Launi ma ya buƙaci natsuwa. Idan rana ta gajarta, sinadarin klorofil mai ba ganye launin kore yakan rushe, rawayar da ke ɓoye ta bayyana, ja kuwa a lokacin ne ganyen ke samar da shi, shi ya sa ganye ɗaya kan ɗauki launi uku.

Ganyayen farko da na kawo gida sun nannaɗe cikin kwana ɗaya saboda ɗumin ɗaki, abin ya kuwa ba ni takaici. Yanzu ina sa su tsakanin shafukan jarida in danne da littattafai masu nauyi, amma zanen kansa a gindin bishiya nake yin sa kafin ganyen ya bushe.