Itatuwan da suka tsira a Nonaka

Asabar da dare, Tanabe, lardin Wakayama, ƙasar Japan.

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Tun da sassafe muka hau bas daga tashar Kii-Tanabe zuwa Chikatsuyu, ni da abokin karatuna ɗan Wakayama, muka kama tsohuwar hanyar masu ziyara ta Kumano Kodo a ƙafa.

Wurin farko da ya nuna mini shi ne Chikatsuyu-oji, ɗaya daga cikin ƙananan wuraren bauta da ke kan hanyar. Na yi ta waige-waige ina neman gini, ban ga komai ba sai wani dutse mai rubutu. Na ce masa, "To, ina ɗakin bautar?" Ya yi dariya ya ce gwamnati ce ta tashi mai gidan.

Ashe a 1906, zamanin Sarki Meiji, aka fito da umarnin haɗe ƙananan wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan. Hukuma na so ta riƙa ba su kuɗi a matsayin cibiyoyin ƙasa, amma sun yi mata yawa, kusan 200,000, galibi ba su da mai kula. Sai aka nufi wuri ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma. Kafin 1914 kimanin 70,000 sun ɓace. A lardin Mie, maƙwabcin Wakayama, kusan tara cikin goma aka rufe. Manomin da kakanninsa ke bikin girbi a bayan gida, ya koma sai ya ƙetare tsauni.

Ni dai Musulmi ne, bautarsu ba ta shafe ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai kurmin ne. Kowane ɗakin bauta yana cikin 'yar duhuwa da ba mai kai mata gatari, kamar tsohuwar kukar bakin garinmu da ko ƙato ba ya raɓa da magariba. Da zarar takarda ta ce kami, wato abin bautar wurin, ya ƙaura, shi ke nan, itatuwan sun zama katako, 'yan kasuwa na jira da kuɗi a hannu.

Wajen azahar muka isa Tsugizakura-oji a Nonaka. Nan na yi shiru. Wasu manyan itatuwan sugi ne a gefen matakalar dutse, an ce sun kai shekara 800, rassansu sun karkata kudu wajen Nachi, inda wani babban ɗakin bautar Kumano yake. Mu biyu muka buɗe hannuwa, ko rabin ɗaya ba mu kewaye ba. Shi ma wurin an haɗe shi da wani, an fara sara, sai Minakata Kumagusu ya tada jijiyar wuya. Masanin tsirrai ne da gansakuka da laimar kwaɗi, ya zauna a Amurka da Landan kafin ya yada zango a Tanabe. Ya cika jaridu da manya da wasiƙu, yana cewa in kurmi ya tafi, tsuntsaye da zumuncin ƙauye za su bi shi. A 1910 ya kutsa wani taro a buge yana neman jami'in lardi, aka tsare shi sama da mako biyu. Ɗan rigima ne, ba shakka, amma inuwar da na zauna yau albarkacinsa ce.

A gangare akwai idon ruwan Nonaka, sanyi har haƙori. Na cika gora, na yi alwala da ita a gefe, na yi salla a kan rigar ruwana. Wata tsohuwa ta tsaya har na sallame, ta ɗan rusuna, ta wuce da kwandonta.

Saura ƙiris bas ɗin yamma ya bar mu. Gobe gidan Minakata, in ƙafa ta yarda.