Ƙannena sabbin nas-nas, kar ku zauna a gida jiran ofa, wato takardar ɗaukar aiki

Kowa na cewa asibitoci ba ma'aikata, nas ɗaya ce ke riƙe da ɗakin marasa lafiya guda cikin dare, kuma gaskiya ne wallahi. Amma ƙarancin ma'aikata daban, ɗaukar aiki daban. Asibitin tarayya ba ya ɗauka sai an ba shi izini daga Abuja, na jiha kuma sai gwamna ya amince wa hukumar kula da asibitoci, ana iya shekaru ba a buɗe ba, alhali makarantun koyon jinya na gwamnati da na kuɗi kullum yaye ɗalibai suke. Ni ban gane haka da wuri ba, shi ya sa nake so ku ji daga bakina.

Da na karɓi lasisina na NMCN, wato hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, sai na sa wa raina aikin tarayya ko ba komai, saboda albashin CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya na gwamnati, da fansho. Wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwarmu suka neme ni, na ji abin da za su biya na ce Allah ya sawwaƙe, na koma gida na zauna ina bin guruf-guruf na WhatsApp ina jiran a ce an buɗe fotal na neman aiki. A wannan zaman ne wani ya zo ta hannun ɗan uwa wai yana da ofa a hannu, babana ya sayar da shanunsa biyu muka ba shi, har yau ba ofa ba kuɗi, kuma ba ka da bakin kai ƙara tunda kai ma ka san hanyar ba ta halal ba ce. Don Allah duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku aiki ku rabu da shi, ko da gidanku ɗaya.

Amma asarar da ta fi min ciwo ba ta kuɗin ba ce, ta hannu ce. Jinya aikin hannu ne, in ka ajiye shi yana gudu. Ranar da na koma asibiti aka kawo wani yaro da gudawa ta tsotse shi, ido ya faɗa, jijiya duk ta ɓuya, aka miƙo min kanula, wato allurar saka durip, na ɗaure hannun na laluba na soka ban samu ba, na sake ban samu ba, uwar tana tsaye tana kallona yaron ko kukan kirki ba ya iya yi. Metiron, shugabar nas-nas, ce ta zo ta ce "ɗan matsa 'yata", ta shafa bayan hannun sau ɗaya ta saka, durip ya fara sauka. A makaranta ina cikin masu iya wannan abin fa, zaman gida ne ya cinye shi.

Toh ku shiga aiki ko yaya yake, da babu gara ba daɗi. Asibitin kuɗi, aikin sa-kai a babban asibiti, ko asibitin sha-ka-tafi na ƙauye wanda kowa ke gudu, can ne ma za ku karɓi haihuwa ku yi ɗinki ku ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a lokacin damina. Ban ce ku yarda a ci da guminku har abada ba, wasu masu asibitin kuɗi ko mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa hannu a 2024 ba sa biya, wannan zalunci ne. Ku shiga da niyyar koyo, idonku na kan gaba.

Kuma duk inda kuka yi aiki ku karɓi takarda mai hatimi da sa hannun shugaban wurin, da ranar farawa da ranar bari. Ni na yi wata da watanni a wani wuri ban karɓa ba, da na zo cike fom na ƙungiyoyin agaji irin su MSF masu aiki a Katsina da Zamfara da Maiduguri, abin da suka fara tambaya shi ne shedar gogewa, na koma neman takardar na tarar an canza shugaba, sabon bai san ni ba. Masu burin fita waje ma abin ya shafe ku, a Fabrairun 2024 NMCN ta fito da ƙa'idar shekara 2 ta aiki kafin ta tantance wa mutum takardu, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.

Lasisi kuma kar ku bari ya mutu don ba kwa aiki, lokaci-lokaci ake sabuntawa kuma sai da kwas ɗin ƙarin ilimi na dole da ake kira MCPDP, ku fara ajiye kuɗinsa tun yanzu. In hali ya samu ku ƙara da ungozoma ko ɓangaren tiyata ko na ba da maganin barci, a intabiyu mai takarda biyu suke fara kira.